GYARAN JIRGIN RUWA DA ƊARI: YADDA A KE SHAFA FENTI DA ƘARON IFOKSI

Zuwa ga iyayen ƙasa, da hakimai, da masu unguwa, da sarakunan ruwa, da dukan manoman da su ke karatun boko a ƙasar Tambuwal da ta Kebbe. Ga bayani a kan yadda a ke shafa wa jirgin ruwa fenti, da ƙaron nan da a ke kira ifoksi, a kwanakin ɗari, yadda aikin zai kama, kuɗi kuwa ba su tafi a banza ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ko a ƙofar hakimi ko a bakin mashigi.

1. Dalilin wannan takarda

Kowa ya sani, in damina ta yi nisa, gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, ya kan cika ya malale fadama. Haka kuma gulbin Ka wajen Fakku. A lokacin nan manomi ba shi da hanyar zuwa gonarsa ta ƙetare sai jirgi. Da shi a ke ɗauko damman shinkafa, da shi a ke cin kasuwa, da shi a ke kai mara lafiya wurin magani. Masuntan tafkin Romo kuwa, jirgi shi ne gonarsu.

To, ku tuna da abin da ya faru a watan Mayu na 2021, sa'ad da wani jirgi ya nutse a Kwara kusa da Wara, ƙasar Ngaski, cikin masarautar Yawuri, gawar da aka tsamo ta wuce saba'in. Ku tuna kuma da watan Afrilu na 2022, da jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙasar Shagari, maƙwabtanku, mutum 29 suka rasu. Yawan kaya da yawan mutane shi ne babban abin da ke kifar da jirgi, wannan gaskiya ne. Amma yoyo abokin aikinsa ne. Ruwan da ya taru cikin jirgi nauyi ne wanda ba a lissafa ba, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: duk gefen da jirgi ya karkata, nan zai kwarara ya ƙara danne shi. Sabo da haka gyaran jirgi tsaron rai ne, kuma da rani a ke yinsa, ba ran da gulbi ya kawo ba.

2. Amfanin ɗari da illarsa

Babu lokacin da ya fi kwanakin hunturu dacewa da wannan aiki. An gama kaka, ruwa ya janye, iska kuwa ta bushe ƙwarai, har itacen da ya sha ruwa wata da watanni ya kan saki laimarsa. Fenti da ƙaro duka ba su kama jiƙaƙƙen itace, sai busasshe.

Ku lura da wani abu game da itace. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe ta yanzu, ya tarad da jirgin da aka sassaƙa daga itace irin maɗaci. Masana suka auna, suka ce ya yi wajen shekara 8,000. Abin da ya kiyaye shi, ya kwanta ne a jiƙe cikin ƙasa inda iska ba ta kai. Jirginku kuwa yau yana ruwa, gobe yana rana, ya kumbura ya tsuke, ya kumbura ya tsuke, har ya tsage, ruɓa ta sami ƙofa. Aikin fenti da ƙaro shi ne su rage wannan shiga da fita ta ruwa.

Amma ɗari yana da illa uku. Ta fari, sanyin dare. A watan Disamba da Janairu, ma'aunin zafi ya kan hau wajen digiri 30 ko fiye da rana, da asuba kuwa ya sauko wajen 15, wani dare ma ya yi ƙasa da haka, balle a fadama inda sanyi ke kwanciya. Ta biyu, raɓa. Ko da ya ke tudu a bushe ya ke, bakin gulbi ya kan tashi da hazo da laima. Ta uku, ƙurar da iska ke ɗaukowa daga arewa maso gabas. Wanda ya san yadda zai kauce wa ukun nan, ya san aikin.

3. Kowane abu da wurinsa

Abu uku masu gyara su ke aiki da su, kada a ba ɗaya aikin ɗan'uwansa.

Kwalta, da auduga ko tsumma, na toshe gaɓa ne, watau inda katako ya haɗu da katako. Tana da taushi, tana bin motsin itace.

Fentin mai, na kare itace daga rana da ruwan sama ne, a cikin jirgi da gefensa na sama. Fentin ruwa da a ke shafa wa bangon ɗaki ba shi da amfani ga jirgi ko kaɗan.

Ifoksi kuwa, na liƙe tsaga ne, da cike rami, da manna sabon itace inda aka yanke ruɓaɓɓe. Ba ƙaron itace ba ne irin na maje ko na farar ƙaya, haɗa shi a ke yi a masana'anta. Wani mutumin Suwizalan mai suna Pierre Castan yana cikin waɗanda suka gano shi a shekarun 1930, a 1946 kuma kamfanin Ciba ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite. Galibi cikin mazubi biyu ya ke zuwa. Ɗaya a kira shi uwa, ɗaya a kira shi mahaɗi. Muddin suna rabe ba su komi, sai an gama su.

Akwai wani ƙaro dabam wanda a ke yin jiragen faiba da shi, mai wari ƙwarai, wanda mahaɗinsa ɗigo kaɗan a ke sawa. Ya fi araha, amma ba ya riƙe itace kamar ifoksi. Mai saye ya tambaya ya tabbata wanne aka ba shi.

4. Halin ifoksi da sanyi

Nan ne mutane da yawa su ke ɓata, sai a natsu. Ifoksi ba bushewa ya ke yi kamar laka ba. Babu ruwan da zai fita daga cikinsa, iska kuwa ba ta taimakonsa da komi. Uwa da mahaɗi ne su ke cin juna har su zama abu ɗaya mai tauri, kuma zafi ne ke tafiyad da wannan aiki. Ku dubi matar da ta dafa kalwa za ta yi daddawa, yadda ta ke rufe ta da kyau don ta yi ɗumi ta nuna. Ku dubi madara, yadda ta kan yi barci da wuri da bazara, da ɗari kuwa sai an kai ta kusa da murhu. Haka ifoksi ya ke.

Masana sun auna sun ga, duk sa'ad da zafi ya ragu da digiri 10, lokacin kamawarsa ya kan kusa ninkawa. Misali, wanda zai kama cikin sa'a 6 da zafin digiri 30, sai ya yi wajen sa'a 12 a digiri 20, ya yi wajen yini da kwana a digiri 10. In aka yi ƙasa da goma, irin da aka saba sayarwa ya kan kusa tsayawa cik. Kun ga ke nan, wanda ya shafa da almuru, ya ba sanyin dare aikinsa. Da safe zai tarad da shi da danƙo, ƙura ta manne, raɓa ta zauna a kai.

Har wa yau, sanyi ya kan sa uwa ta yi kauri kamar zumar da ta kwana waje. In ta yi kauri ba ta aunuwa daidai, ba ta damuwa sosai, ba ta kuma ratsa ƙofofin itace, sai ta zauna bisa kamar ɓawo, ran da jirgi ya bugi dutse ta ɓamɓare. Wani lokaci ma a kan ga ta yi fari da tsaki-tsaki a gindin mazubi. Ba lalacewa ta yi ba. A rufe mazubin da kyau, a tsoma shi cikin ruwan zafi wanda hannu zai iya daurewa kaɗan, har ta koma garau.

Ga abu biyu da a ke yi don neman sauƙi, su kuwa ɓarna ce tsantsa. Na ɗaya, ƙara mahaɗi wai don ya kama da sauri. Uwa tana da iyakar mahaɗin da za ta ci, abin da ya ragu sai ya zauna a ciki ya bar aikin da laushi har abada. Na biyu, tsinka shi da fetur ko kananzir ko tina. Wannan ya kan rage masa ƙarfi, ya bar ƙananan ƙofofi inda ruwa zai bi. Maganin kauri ɗumi ne, maganin jinkiri kuma ɗumi ne. In akwai hali, a nemi mahaɗi mai sauri, gama masu yinsa sun yi shi iri-iri, wani na zafi, wani na sanyi.

5. Shirya jirgi

A fid da jirgi tun ruwa ya fara janyewa. A kai shi tudu, nesa da laimar fadama, a ɗora shi bisa gungume biyu ko uku don iska ta bi ta ƙarƙashi. A inuwa za a shanya shi, musamman jirgin sassaƙa na maɗaci ko kawo, domin in rana da iskar hunturu suka haɗu a kansa farat ɗaya, bayansa ya kan riga cikinsa bushewa, ya tsattsage. A yi haƙuri da shi mako biyu ko uku, ko fiye in mai kauri ne.

Masu yin ifoksi sun ce kada laimar itace ta wuce kashi 12 cikin ɗari. Wanda ba shi da ma'auni, ga dabara. Ya sami farar leda, ya ɗaure ta a jikin itacen yadda iska ba ta shiga, ya bari rana ta buge ta sa'a biyu. In ya ga gumi a cikin ledar, itace bai bushe ba tukuna.

Sa'an nan a bi jirgin da bakin wuƙa ana tsokana. Duk inda wuƙa ta shige da sauƙi, ruɓa ce, a sare ta da gizago har a kai ga lafiyayyen itace. Kada a rufe ruɓa da ƙaro, gama za ta ci gaba da ci a ɓoye. A kankare tsohon fenti, da kwalta, da man inji, da man kaɗe in an taɓa shafawa, domin ifoksi ba ya kama wurin da maiƙo ya ke. A goge da samfefa mai kaushi, a share garin da busasshen tsumma.

Daga nan a kafa zana ta gabas da arewa, a yi rumfa bisa. Kafin a fara shafi a yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wurin don ƙura ta kwanta, amma kada ya taɓa jirgin.

6. Sa'ar aiki

Da ɗari, rabin gwanintar aikin nan sanin lokaci ne.

Da asuba har hantsi, kada a shafa komi. Itace ya kwana cikin sanyi, ko rana ta fito ya kan daɗe bai yi ɗumi ba, kuma wata laima ta kan zauna a kansa wadda ido ba ya gani. Iska ma da hantsi ta fi tashi. Wannan lokacin kankara da guga ne. A fid da mazuban uwa da mahaɗi a ajiye su a rana, a rufe.

Akwai kuma wani dalili. Cikin itace akwai ƙananan ƙofofi cike da iska. In itace yana ɗaukar zafi, iskan nan ta kan kumbura ta fito. Wanda ya shafa ƙaro da safe, rana tana hawa, zai ga ya yi kumfa ƙanana kamar idon kifi, kowane kumfa kuwa ƙofar ruwa ce. Amma in itace yana hucewa, iskar ciki ta kan tsuke, ta jawo ƙaron ciki da kanta.

Sabo da haka ga yadda za a yi. A yaye rumfa da walaha, rana ta gasa wurin da za a gyara. Da an sauko daga sallar azahar, a mai da rumfa, a dakata kaɗan itacen ya fara hucewa, sa'an nan a dama a shafa. A gama kafin la'asar. Ta haka ƙaro zai sami sa'a uku ko huɗu na ɗumi kafin rana ta faɗi, ya riga ya fara kamawa kafin sanyi ya sauko. Ranar da buda ta rufe rana, gari ya yini da sanyi, a bar aikin sai wata rana. Gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido.

7. Awo da damu

A duba jikin mazubi. Wani ifoksi ɗaya da ɗaya a ke gama shi, wani biyu da ɗaya, wani biyar da ɗaya. Abin da mai yinsa ya rubuta shi za a bi, ba abin da aka saba da shi a wani iri ba. Kada kuma a gama uwar wani kamfani da mahaɗin wani.

A sami gwangwanaye ƙanana masu girma ɗaya, irin na tumatir, a wanke su su bushe sarai. Ɗaya na uwa, ɗaya na mahaɗi, kada a musanya. A zuba cikin na uku, a dama da tsinke mai faɗin baki minti biyu cikakku, da sanyi ma a kai uku, ana kankaro gefe da gindi, domin abin da bai damu ba ba zai kama ba.

Kaɗan-kaɗan a ke damawa. Ifoksi in ya taru da yawa cikin mazubi mai zurfi ya kan haifi zafi da kansa, zafin kuma ya ƙara masa sauri, har ya yi hayaƙi ya sandare a hannun mai shi, balle an riga an ɗumama shi. In an dama, a juye cikin faranti mai faɗi, zai fi daɗewa. A bar ɗan saura a gwangwani a ajiye kusa da jirgin, shi ne shaida. Yadda ya yi, haka na jikin jirgi ya yi.

8. Liƙe tsaga

A nemi inda tsaga ta ƙare, a huda ɗan rami nan don kada ta ci gaba. A buɗe bakinta kaɗan da wuƙa. Da fari a shafa ƙaron tsurarsa, ya jiƙa itacen ciki da baki. Sa'an nan a zuba wa sauran busasshen garin katako mai laushi, wanda aka tankaɗe, a dama har ya yi kaurin da ba zai zuba daga tsinke ba, a cusa shi cikin tsagar tun na farin bai kama ba. Wanda ya cusa mai kauri bisa busasshen itace, itacen zai shanye ƙaron ya bar gari.

In ramin babba ne, a sassaƙa itace irin na jirgin daidai wurin, a manna shi. In ana son ƙarin ƙarfi, a shimfiɗa ƙyallen faiba bisa, a jiƙa shi da ƙaro har farinsa ya ɓace. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, gama da sanyi mai kauri ya kan zuba kafin ya kama.

9. Kwanan jirgi

Kafin magariba a rufe jirgin. A gicciya sanduna, a ɗora tampol ko baƙar leda yadda ba za ta taɓa aikin ba, a bi da tabarmi ko buhuna, a danne gefe da duwatsu. A cika jarka biyu ko uku da ruwan zafi a sa ƙarƙashin rufin, ko duwatsun da suka yini a rana. Wannan ya isa ya kore sanyin asuba. Kada a hura wutar kara, kada a kunna risho ko fitilar kananzir a ciki. Ban da haɗarin gobara, hayaƙinsu yana da laima, yana kuwa ɓata fuskar ƙaro.

Da safe kada a yaye sai rana ta ɗaga. In an shafa hannu aka ji wani maiƙo kamar kakin zuma a bisa, ba abin tsoro ba ne, mahaɗi ne ya gamu da laimar dare. Amma lalle a wanke shi da ruwan ɗumi da soso, a tsane, a goge da samfefa, in ba haka ba duk abin da aka shafa bisansa ba zai zauna ba.

10. Fenti

Ifoksi ba ya jimre rana. In aka bar shi tsirara sai ya yi rawaya, ya yi gari, ya mutu. Sabo da haka in ya ƙosa, a rufe shi da fenti.

Fentin mai hawa biyu ya ke bushewa. Da fari tinar da ke ciki ta tashi, sa'an nan man ya sha iska ya yi tauri. Sanyi ya kan jinkirta duka biyu. In aka lafta shi da kauri, bisa ya kan yi fata, ciki yana ɗanye, ya yamutse kamar fatar tsohuwa. A ɗumama gwangwanin a rana ko cikin ruwan ɗumi, ba bisa wuta ba, a motsa shi har gindi. Shafin fari a tsinka shi kaɗan da tinar da ta dace da shi don ya shiga itace. Sa'an nan a bi da shafi biyu marasa kauri. Fenti ya fi son a fara shi da wuri kaɗan, daga walaha in itace ya yi ɗumi, a tsaya da azahar. In an rubuta a jikin gwangwani a dakata kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi, da ɗari a ba shi biyu.

A zaɓi fari ko wani launi mai haske don sama da ciki, gama baƙi ya kan jawo zafi ya tsaga itace. Gindin jirgi, inda ke zaune cikin ruwa kullum, fentin mai ya kan yi bororo, nan kwalta ta fi. Kada a shafa fenti bisa kwalta, za ta huda shi ta fito.

11. Gaɓar jirgin katako

Wannan gargaɗi na masu jirgin katako ne, irin wanda a ke ƙerawa a Yawuri. Da hunturu katako ya kan tsuke, gaɓoɓi su buɗe har a hango haske. Mai jirgi ya gani sai ransa ya ba shi ya cika su da ifoksi. Kada ya yi. Katako ta faɗinsa ya ke kumbura, in ya koma ruwa zai nemi wurinsa na dā. In ya tarad da abu mai tauri kamar dutse a gaɓar, ko ya tsage a gefenta, ko ya ture ƙusa. Ga shi an kashe kuɗi an sayo yoyo.

Gaɓa sai abu mai taushi. A murza auduga, a tura ta da sauƙi, kada a dunƙule ta da ƙarfi, tun da ya ke yanzu ne gaɓar ta fi faɗi. Sa'an nan a bi da kwalta. Ita ma da rana tsaka a ke zuba ta, domin in ta faɗa bisa itace mai sanyi ta kan daskare a baki ba ta shiga ba. A narka ta nesa da jirgi da zana, kada ɗigon ruwa ya faɗa cikin tukunyar, za ta yi bori ta ƙone mutum.

12. Tsaron lafiya

Mahaɗi yana cin fata. Wanda ya saba taɓa shi da hannu, wata rana jikinsa zai ƙi shi, ya riƙa ƙaiƙayi da ƙuraje duk sa'ad da ya kusance shi, wannan kuwa ba ya barin mutum. A sa safar hannu, ko a ɗaura leda. In ya taɓa jiki a wanke da sabulu da ruwa, ba da fetur ba. In ya faɗa ido a yi ta zuba ruwa, a tafi asibiti. Mai guga ya rufe hanci da baki.

Wani fenti, musamman ja da rawaya na dā, akwai dalma a ciki. Ba ku manta da 2010 ba, da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Sabo da haka kada a ƙone tsohon fenti, a tattara abin da aka kankare a binne nesa da rijiya da gulbi, kada yara su yi wasa a wurin, kada kuma gwangwanin fenti ya zama na awon hatsi ko na shan ruwa.

Akwai kuma fentin jiragen teku mai dafi, wanda a ke yi don kashe abin da ke manne wa gindin jirgi. Wani irinsa ma an hana shi a duniya tun 2008. Jirgin gulbi ba ya bukatarsa, kifi kuwa yana cutuwa da shi.

13. Gwaji

A danna farce a kan ƙaron da kan shaidar da aka ajiye. In ya bar alama, bai ƙosa ba. In samfefa ta fid da gari, ya ƙosa, in ta cushe da danƙo, a ƙara masa rana. Wanda ya yi mako yana danƙo, awo ne ya kuskure, ba shi da magani sai a kankare a sake. Ko ya yi tauri, da ɗari a ba shi mako guda cikakke kafin ya ga ruwa, fenti ma haka.

Sa'an nan a sa jirgi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya kwana biyu ko uku katako ya kumbura. A kwarfe, a ɗora buhunan yashi gwargwadon kayan da ya saba ɗauka, a duba. Sai ya ci wannan gwaji za a ɗauki mutum.

14. Abin da ke kan shugabanni

Ana roƙon kowane hakimi, da an gama kaka, ya kira sarkin ruwa da 'yan fito, a ƙidaya jiragen mashiginsa, a san mai lafiya da mai bukatar gyara. Masu jirgi su haɗa kuɗi su sayi ƙaro da fenti tare, gama babban mazubi ya fi araha, ragowar kuma ba ta lalacewa in an rufe ta an ajiye a ɗaka. Kada a fid da jirage duka gaba ɗaya, a bar na fito. A sa wa kowane jirgi zane da farin fenti a gefe, wanda in ruwa ya kai gare shi ba a ƙara ko mutum ɗaya. Jirgin da ruɓa ta cinye, a faɗa wa mai shi gaskiya, ƙaro ba ya mai da tsoho yaro. A gama duk wannan kafin zafin bazara, domin a lokacin nan ifoksi ya kan kama tun ba a gama shafa shi ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙetarad da mu lafiya, amin. Haza wasalam.